Dankalin da Ya Kashe Kuloci

Muna barin kasuwar Farin Gada, ni da matata, giyar motarmu ta ƙi shiga. Na taka kuloci, ya cije a rabi. Na buɗe bonet ina girgiza kai kamar ni na ƙera motar.

"Iska ce ta shiga layin mai," na ce mata. "Ba fanninki ba ne."

Na shige ƙarƙashin mota da farar shaddata, mai yana ɗiga mini a goshi, 'yan dako suna ta "sannu, oga."

Sai ga muryarta: "Baban Nanret, ga iskar taka."

Ƙaton dankali ne daga cefanenta ya gangara ƙarƙashin kulocin.

Har yau, in ta soya dankali, sai ta miƙo mini faranti: "Injiniya, ci kayan aikinka."