Ɗan Mutumin da ke Tsakiyar Tutar Mali

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na miƙe tsaye a gaban mutanen Mali ina koya musu tutar ƙasarsu ba. Ni ɗin nan, ɗan Damagaram, wanda ko Gao bai taɓa takawa ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina da shago a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, ƙasar Aljeriya, ina sayar da bosho, wato gwanjon tufafi. Da ɗaukar siminti na fara a Tamanrasset, na koma tallar riguna a kafaɗa, har Allah ya kai ni ga kwance dilar kaina. Abu guda nake taƙama da shi, hannuna. In na murza yadi tsakanin yatsu biyu zan gaya maka orijinal ne ko jabu, ko da idona a rufe. (Har gobe ina nan a kan wannan, kar wani ya ɗauka labarin nan ya sauke ni.)

A lokacin ina neman Hadiza, wata tela da ke zuwa shagona zaɓen tsofaffin labule tana mayar da su rigunan yara. Ta yarda da ni. Mahaifinta ma, Baba Alhasan, mutumin Gao, tsohon direba da ya daɗe a hanyar Agadas har Hausa ta zauna a bakinsa, ba ya ƙina. Matsalar wansa ce, Alfa Yusufu, malamin gidan, wanda in bai ce to ba ba a ɗaura aure. An kawo mini abin da ya faɗa a kaina: "Mai sayar da tsoho da sunan sabo, yaya za a san gaskiyarsa?"

Sai ga watan Satumba, ranar da Mali ke bikin samun 'yancin kai. Mutanensu kan taru a gidan Baba Alhasan, a gasa rago, a sha shayi. Aka gayyace ni. Hadiza ta biyo ta shago ta ja mini kunne.

"Ka gaishe su, ka ci nama, ka yi shiru. Ka ji? Shirun nan ya fi komai."

"Haba Hadiza, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Abin da ban gaya mata ba shi ne ina da makami a ɓoye. Kwanakin baya na kwance wata dila daga Faransa, a cikin zannuwan gado na ci karo da wata tuta, kore da rawaya da ja. Auduga ce mai kauri, ɗinkin hannu, irin aikin da ba a yi yanzu. A tsakiyar rawayar kuwa an ɗinka wani ɗan baƙin mutum, siriri kamar zanen yara a ƙasa, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannuwa biyu sama. A gefe an rubuta Mali da tsohuwar tawada.

Nan take ƙwaƙwalwar ɗan kasuwa ta yi aikinta. Tutocin Mali da nake gani a gilashin manyan motoci duk ba su da ɗan mutumin nan. Su kuwa yadi ne mai sheƙi mara nauyi. Na ce, ai shi ke nan, masu buga jabu ne suka tsallake shi don rage wahala, kamar yadda suke mantawa da aljihun ciki na kwat. Bayin Allah, ana ta cutarsu ba su sani ba! Na wanke ta, na goge, na naɗe a takarda. Ban tambayi kowa ba. (Maƙwabcin shagona ɗan Mali ne. Kullum tare muke cin tuwo.)

Ranar na sa shaddata na tafi. Tsakar gida cike, dattawa a kan darduma, samari a bakin gawayi, ga dabinon Abalessa a faranti. A bango an rataya tutarsu, irin mai sheƙin nan. Alfa Yusufu na zaune ƙarƙashinta da carbi, ya amsa gaisuwata da kai kawai. Na ci nama, na yi shiru, har aka zuba shayi na biyu. Da na tsaya nan da yanzu ba ni da labari.

Na miƙe na gyara murya.

"Iyayena, ni baƙo ne, amma sana'ata yadi. Wannan da ke bango, ku yi haƙuri, jabu ce. Ba ta cika ba. Duk wanda ya sayar muku da ita ya ci amanarku."

Wani saurayi ya ce, "Ni na kawo ta daga Bamako."

"To har Bamako an cuce ka, ƙanena."

Na warware tawa, na ɗaga ta sama da hannu biyu, daidai yadda ɗan mutumin ya ɗaga nasa. "Ga orijinal. Ku taɓa ku ji. Ga mutumin da suka cire muku."

Wani ya tambayi na kusa da shi ko tutar ƙungiyar ƙwallo ce. Wani ya ce a'a, ɗan Nijar ɗin ne ya ɗinka hotonsa a ciki. Dariya ta ɓarke har bayan labule inda mata suke, kuma na rantse na tsinci muryar Hadiza tana salati.

Alfa Yusufu ya nuna da carbi. "Hoto! Mu da muka rabu da shi tun ba a haife ka ba, shi ka ɗauko mana daga bola, a ranar bikinmu?"

Hannuwana na sama har yanzu. Na rasa yadda ake sauke su. Na ji auren yana zare mini kamar bakin zanen da ba a kalmashe ba.

Baba Alhasan ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya taso ya karɓe ta a hankali, ya shafa ɗan mutumin da babban yatsa.

"Zauna, ɗana. Ba ka yi ƙarya ba, ka dai makara da shekara arba'in."

Ya ce yana ɗan lekkol, wato makarantar boko, a Gao lokacin da Faransa ke shirin tafiya, ƙasarsu ta haɗa kai da Senegal suka yi tuta ɗaya, wannan. Kore noma ne, rawaya zinariyar ƙasa, ja jinin waɗanda suka yi gwagwarmaya. Ɗan mutumin kuwa ana ce masa kanaga, daga abin rufe fuskar mutanen Dogon aka ɗauko shi. Malaminsu ya ce musu baƙar fata ne ya tashi tsaye, ƙafa a ƙasa, hannu a sama. Haɗin bai yi ƙarko ba. Senegal ta ware ta sa tauraro a tata, a Mali kuma malaman addini suka ce ba a sa surar mutum a tuta, aka cire shi. Duka-duka bai wuce shekara biyu a kan sanda ba.

"An raba mana 'yan ƙanana na takarda," in ji shi. "Na kai tawa gida, babanmu ya sa wuƙa ya yanke mutumin, ya miƙo mini tuta da huji. Na yi kuka har na ƙi cin tuwo." Ya juya ga wansa. "Kuma kai ka kai ƙarata."

"Ni? Kai ka yi ta yawo da ita har ƙofar masallaci!"

"Yaya, ka ji tsoron Allah, kai ne."

Tsofaffi biyu suka hau musu kamar jiya abin ya faru, jama'a na ta dariya, an manta da ni. Da ƙura ta lafa Alfa ya waiwayo.

"Kai mai bosho, yanzu me ka ce?"

Na ce, "Allah gafarta malam, yadin dai orijinal ne, a kan wannan ba zan janye ba. Jabun ni ne, da na yi magana ban tambaya ba."

Ya kalle ni, gemunsa na motsi. Sannan ya ce wa ƙanensa, "Alhasan, ba shi Hadiza. Wanda ya tsaya gaban jama'a yana kare tutar da masu ita suka saki tun tuni, ba zai yi saurin sakin mace ba. Amma kar in ga abin nan a bango."

Ba ta hau bango ba. Baba ya naɗe ta ya sa a akwatinsa, kuma duk Satumba sai ya fito da ita ya nuna wa jikoki, bayan Alfa ya tafi. Ni kuwa daga ranar sunana ya ɓace a Sersouf. 'Yan Mali ba sa gaishe ni da baki, daga nesa suke ɗaga hannu biyu sama. Hadiza ma, in gardama ta yi zafi a gida, ba ta ɗaga murya. Hannuwa take ɗagawa, sai in nemi hulata.

Na dai koyi abu guda. Yatsa yana gane auduga, amma ba ya jin ko gwamnati ta canja. Yanzu ko hular jariri na gani da zane a cikin dila, sai na leƙa shagon maƙwabci tukuna.