Rasuwar Firintar da Ke Ƙara wa Baba Girman Waƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da durƙuso, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firintar gidanmu, wadda muke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, da takarda a bakinta, tana tsakiyar aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba: mahaifina mabushin sarewa ne a ƙungiyar makaɗa, kuma idonsa ya yi rauni har ba ya iya karanta takardar kiɗa. Shugaban ƙungiyar bai sani ba. Idan aka raba sabuwar waƙa, ni nake shigar da ita manhajar rubuta kiɗa, in hura girmanta a kwamfuta har kowane ɗigon kiɗa ya kai ƙwan kaza, sannan Tsohuwa ta fito da ita gunduwa-gunduwa a kan takardu barkatai. In durƙusa a tsakar falo da almakashi da salatif, in datse gefuna, in haɗa layukan nan biyar da ake rubuta kiɗa a kansu baki da baki, in manna a bango. Baba ya tsaya gabansu ya haddace. Ranar atisaye sai ya ɗora ƙaramar takardarsa a gabansa kamar kowa, har yana juya shafi a daidai wurin juyawa.

Marigayiya mai riƙon amana ce, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Amma tsakani da Allah ba ta da sauƙin hali. Takan haɗiye takarda biyu a lokaci guda, takan cinye gefen hagu, kuma sai ta ga ana sauri take tuna tana son tawada. Na zage ta, na buga mata tafin hannu a ka. Yau ga shi ina kewar wannan “ƙirrr, ƙirrr, kacau” da kan sa Baba ya fito daga ɗaki da sarewarsa tun ba a kira shi ba.

Ciwon ajalinta ya fara da tari da zana baƙin layi a kan takarda. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce sa'o'inta duk sun daɗe a bola. Na kai sabuwar waƙar da aka raba shagunan buga takardu, na yi bayani har bakina ya bushe, kowa sai ya matse min ita a shafi ɗaya, ya miƙo yana murmushi wai ya rage min ɓarnar takarda. Wallahi na gaji.

Ta rasu ta bar kwamfuta, wadda har yanzu take aika mata aiki tana jiran amsa, da igiyar wuta, da almakashi mai dakushi. Ta bar waƙar da za a yi ranar Asabar, saura kashi na ƙarshe bai fito ba, inda ake busa sarewa ita kaɗai. Ta kuma bar Baba, wanda yakan busa har inda takarda ta ƙare a bango, ya sauke sarewa, ya tsaya yana kallon fenti. Idan ya tsaya haka ranar Asabar, kujerarsa a ƙungiyar ta tafi.

Za a ɗauki gawa gobe da safe zuwa shagon mai gyara, inda za a cire abin da zai amfani masu rai. Zaman makoki a falonmu ne. Kada a kawo abinci. A zo da baƙin alƙalamin maka mai kaurin baki, da rula doguwa, domin da hannu za mu zana sauran. Wanda ya san shugaban ƙungiya ya riƙe bakinsa. A cire takalmi tun daga ƙofa, a kuma duba ƙasa kafin a taka: ƙarshen waƙar Baba da na fara zanawa na shimfiɗe a wurin, tawadar ba ta bushe ba.