Wayar da Ban Bi Ba

Ba zan taɓa mantawa da warin sabon fenti da kukan lasifika ba, ranar da aka kunna lantarki a lakol ɗinmu, wato makarantarmu ta Agiye. Lokacin ƙasa ta fito daga hannun soja, bakin kowa ya buɗe, ko'ina maganar mu tsaya da ƙafarmu ake yi. Ni kuwa yarinya ce mai yawan kallon gajimare (da rubuta waƙa a bayan kaye, littafin lissafina). Mushe Abdu, malaminmu, ya zaɓe ni in yi waƙar bikin da Hausa. Babana, wanda ya sha gori a majalisa don ya bar ɗiya mace tana ta karatu, ya sa babbar rigarsa ya zauna a gaba. Ranar nake son in wanke shi.

Kwana uku ina rubutu, ban nuna wa kowa ba, ban tambayi inda wutar take fitowa ba. Na dai ji a aji muna da yuraniyom a arewa, ma'adinin da ake yin lantarki da shi, zuciyata ta ƙarasa sauran.

Na tsaya ƙarƙashin sabon ampul, ƙwan lantarkin nan, hannu a ƙirji: "Wuta, daga ƙasarmu kika fito, ba mu ara ba, ba mu leƙa gidan maƙwabci ba." Sau uku na maimaita, har da nuna kudu da yatsa.

Ba wanda ya tafa. Sai lokacin na lura da baƙi uku kusa da manyan gari. Ashe mutanen ƙetaren iyaka ne, masu jan waya daga Katsina zuwa Gazawa, an gayyato su a yi musu godiya. Babbansu, dattijo mai furfura, ya ce a hankali, lasifika kuma ta ɗauka: "Ɗiyata, waƙa ta yi daɗi. Amma in kika bi wayar nan da ƙafa, a unguwarmu za ki kwana."

Baba bai ɗaga kai ba. Na ce a raina shi ke nan, karatu ya ƙare. Da muka kai ƙofar gida sai ya ce: "Gobe ki koma lakol. Wannan karon ki yi tambaya."

Tun ranar, ba na yi wa abu kirari sai na bi wayarsa. Bayan shekaru da yawa na gano cewa kogin da ke juya injinan wutar can, ta ƙasarmu yake ratsawa kafin ya kai gare su. Ashe kowa ya leƙa gidan maƙwabci.