Hotona da Cinyar Kaza a Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi rantsuwa a kotu, hotona ya ƙaryata ni ba. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji kamar jiya aka yi.

Bayan gidajenmu a Ƙofar Marusa akwai wani tsohon kududdufi. Ba abin sha'awa ba ne, daga sauro sai leda, amma duk ruwan saman unguwar can yake gangarawa. Kwatsam sai muka ji wani ɗan kasuwa, Alhaji Sada, ya sami izinin cike shi ya gina gidan mai. Kowa ya san in aka cike, ɗakunanmu ne za su zama sabon kududdufi. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne mai son a ce ya san doka (ban sani ba, baki ne kawai), nan take aka naɗa ni shugaban masu kai ƙara.

Lauyarmu, Barista Hadiza, ta ce hujja ɗaya gare mu. Kafin a ba da izinin irin wannan gini, dole a yi nazarin illar da zai yi wa muhalli, a kuma tara maƙwabta a ji ta bakinsu. "Baba, ka tabbata ba a taɓa tara ku ba?" Sau uku tana tambayata, har na fara jin haushi. Na ce mata in da an tara, ai ni za a fara kira.

Ashe kuwa ni aka fara kira.

Ranar shari'a lauyan Alhaji ya ƙyale ni na yi ta zuba, har da nuna yatsa. Sai da na gama ya ɗauko wani kundi mai kauri, wai shi ne rahoton nazarin, ya buɗe ya miƙo mini. Ga ni nan a hoto, a sahun gaba ƙarƙashin rumfa, cikin farar babbar riga, cinyar kaza a hannu, ina dariya har da dasashi. A ƙasa ga sa hannuna, ga kuma jawabina: "Mu ba mu da matsala, Allah ya sanya alheri."

Sai a lokacin na tuna. Wata Asabar ce, na dawo a gajiye bayan na halarci ɗaurin aure har uku, na ga rumfa da kujeru a ƙofar mai unguwa. Aka kira ni, aka zaunar da ni gaba, aka miƙo faranti. Ni duk zatona walima ce. Akwai dai wani mai tabarau da ke ta bayani da takardu, amma ni gaisuwa ta sha mini kai. Da aka ce dattijo ya ce wani abu, me kuke so in ce a ƙofar mutane da namansu a hannuna? Takarda ta zagayo, na sa hannu, na bayana suka bi.

Alƙali ya dube ni. "Malam, kai ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, hular dai tawa ce."

Barista Hadiza ta dafe kai. Maƙwabcina Abdu tela, wanda shi ma yana cikin hoton, ya yi ƙasa da murya daga baya: "Ai kau ni ma walima na ɗauka. Mi za mu yi, mun ga ka sa hannu."

Aka kori ƙarar, aka cike kududdufi, aka gina gidan mai. Ruwan farko na daminar bana bai tsaya ko'ina ba sai zaurena, daga nan ya zarce tsakar gida. Matata Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Bokiti kawai ta miƙo mini ta ce, "Ungo, Malam. Allah ya sanya alheri."

Yanzu duk inda na ga rumfa, ko ta ɗan'uwana ce, sai na tambayi taron mene ne kafin in wanke hannu.