Dabinon Sabriya Ya Fito Namiji

"Lafiya lau, maigida! Sai yau ka tuna kana da mata? Ajiye jakar, zo ka ga abin arziki!"

Haka Sabriya ta tarbi jikanta Mu'ayyad, mai karatun ilimin halittu a birnin Basra. Ta ja shi bayan gida, ni ma maƙwabciyarsu na bi su, don ba a ba ni labari. Kowa a garinmu ɗan da ya tsiro a gindin dabino yake cirewa ya dasa, amma Sabriya da taurin kai ƙwallo ta shuka. Yau itacen ya yi furen fari, ta kuma riga ta yi wa unguwa kaf alkawarin 'ya'yansa.

"Hau ka dubo min, mai ƙafar sauro!"

"In na faɗo kin zama bazawara. Da wannan bakin ba haƙori wa zai kwashe ki?"

Ya hau, ya girgiza furen, garin furen ya tashi fari fat. Sai ya fashe da dariya.

"Amarya, albishirinki! Namiji ne!"

"Namiji a gidan wa? Uwarsa ta fi zuma, da bakina na tsotse ƙwallon!"

"Ubansa fa? Ƙwallo rabin gadonsa na uwa ne, rabi na uba. Caca kika yi, kika sha ƙasa."

"Shekara da shekaru ina shayar da ƙato! Kai ya biyo, ga tsayi ga ci, ba abin da yake kawowa gida."

Ta shige ɗaki ta fito da gatari. Sabriya kuwa ba ta barazanar banza. Mu'ayyad ya ƙanƙame itacen.

"Sai dai ki sare mu tare! Dabino mata nawa gare ki?"

"Sun fi gashin gemunka yawa."

"Wa ke zuwa roƙon furen namiji wurin Ummu Sattar mai namijin dabino duk shekara don matan su yi 'ya'ya, tana yi mata yanga?"

Tsohuwa ta sauke gatarin, shi kuwa ya ci gaba.

"Wannan shi kaɗai ya ishi matanki duka. Nata kuwa ya tsufa, baɗi ita za ta zo roƙo."

"Ummu Sattar? A ƙofar gidana?"

Ta yar da gatarin, ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

"Sauko, ɗan nema, ka shayar min da ango! In ka gama ga gurasa da zumar dabino. Ba don halinka ba, albarkacinsa ka ci."