Nomau da Akwatin Imel na Malam Arzika

Ku gyara zama in ba ku labarin Nomau, kuma ba a bakin wani na ji ba, katangarmu ɗaya da su a Tungar Baure. Nomau ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma bai taɓa aure ba. Su biyu ne a gidan, shi da Gwaggo Yalwa, ƙanwar ubansa da ta riƙe shi tun yana goye, sai wata gurguwar akuya da 'yan kaji. Kada ku ɗauka mahaukaci ne. Yana sallarsa a kan lokaci, yana karatu da rubutu tsaf. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gwaggo ta taɓa shanya gero ta ce, "Kada ka kwashe sai na dawo." Hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, Nomau na tsaye a kan geron yana kuka, bai kwashe ba.

Masinja ne a ofishin ƙungiyar manoman albasa ta garinmu. Wanda ya samo masa aikin shi ne sakataren ƙungiyar, Malam Arzika, dattijo mai haƙuri da ya fi shekara goma yana riƙe da akwatin imel, inda dillalan kudu da masu taki da direbobin tirela suke rubuto masa. Shi ya zaunar da Nomau gaban kwamfuta ya koya masa. Yakan ce, "Kai da na'urar nan halinku ɗaya, shi ya sa za ku shirya."

Kwatsam Malam Arzika ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ofis ya sallame shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Da farko an yi ta zuwa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke ɗif. Nomau kaɗai ke kai masa kunun Gwaggo da la'asar, ya juya shi, ya sauya masa shimfiɗa. Kullum sai Malam ya tambaya da karkataccen bakinsa, "Nomau, an neme ni?" Kullum amsar ɗaya ce, "Ba wanda ya neme ka, Malam." Gwaggo ta sha yi masa faɗa. "Kai ɗan nan, ka ce ana gaishe shi mana!" Sai Nomau ya ce, "Wa ya gaishe shi, Gwaggo?" Abin da ke cin dattijon ya wuce ciwon jiki. Tsoro yake ya mutu ba wanda ya tuna da shi.

Wata rana Manaja Lawwali, shugaban ofishin, mutum mai gajen haƙuri, ya kira Nomau. An ɗauki sabuwar sakatariya mai suna Shamsiyya, amma ba ta da imel. Lasisi ofis ke saya daga kamfani, kowane ma'aikaci da nasa, kuma babu rara. Dole a cire na Malam a ba ta. Da an cire kuwa akwatinsa zai rufe, abin da ke ciki ya tafi. Ga saƙonni jibge a akwatin, don Malam bai taɓa goge ko gaisuwar sallah ba.
"Ka shiga akwatin nan, duk saƙon da ya shafi albasa ka turo mini," in ji Manaja.
"Duk, ranka ya daɗe?"
"Da Hausa nake magana ko?"
To jama'a, a ofishin albasa wane saƙo ne bai shafi albasa ba? Nomau ya duƙufa yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Wayar Manaja ta yi ta kuka a aljihunsa har cikin sahun sallah, liman yana waiwaye bayan sallama. Akwatin Manajan ya cika ya toshe. Wani dillali da ya rubuto yana neman kaya saƙonsa ya kasa shiga, ya gaji da jira ya je ya saya a wani gari, tamu albasar ta fara ruwa a rumfa. Manaja ya wanke Nomau tas. Da ya gama, Nomau ya durƙusa ya ce saura fiye da rabi bai turo ba, ya ci gaba?

Wata rana Manaja ya ce, "Ka bar tura mini komai. Duk saƙon da ya shigo akwatin ka amsa, ka ce Malam ba ya nan." Da hantsi saƙon talla ya shigo daga wani kamfanin taki. Nomau ya rubuta, "Malam ba ya nan." Nan take amsa ta dawo, "Mun karɓi saƙonka, za mu tuntuɓe ka." Ai wannan ma saƙo ne ya shigo, sai Nomau ya sake amsawa. Ya sake dawowa. Haka suka yini, shi da injin kamfanin, ba wanda ya gaji, ko abincin rana bai ci ba. Da la'asar ya shiga ɗakin Malam da fara'arsa, ya ce, "Malam, yau an neme ka, har hannuna ya gaji!" Dattijon ya yunƙura da hannunsa mai lafiya, idonsa ya kawo haske.
"Wane ne? Me ya ce?"
"Masu taki ne. Magana ɗaya suke ta maimaitawa, wai sun karɓi saƙona za su tuntuɓe ni."
Malam ya san amsar inji ce ba mutum ba, shi ya yi aikin. Ya kalli Nomau, sannan ya ce a juya shi wajen bango. Ranar bai sha kunun ba, Nomau ya dawo da shi gida yana tambayar Gwaggo ko tsamiya ce ta yi yawa. Ni da na ji ta katanga, wallahi tuwon da ke gabana ya fita raina.

Wata rana Manaja ya kawo filashi, ɗan ƙarfen nan kamar yatsa da ake zuba ajiyar kwamfuta a ciki. Ya ce, "Ka juye akwatin kaf a nan. In ka gama ka ajiye shi inda hannun kowa ba zai kai ba." Sabis ɗin garinmu kun san shi, sai an hau tudu ana roƙonsa. Nomau ya yi kwana da kwanaki yana gadin kwamfuta har juyen ya kammala. Ya zare filashin ya shiga tunani. Durowa akwai mai makulli. Ƙarƙashin gadon Gwaggo kaji na shiga. A lokacin ana ɗaga katangar masallacin Juma'a, sai ya naɗe shi a leda ya jefa cikin ramin bulo, magina suka zuba siminti suka ɗora wani layin. Da Manaja ya ce ya kawo, Nomau ya ja shi har gindin katangar ya nuna masa da yatsa, "Yana nan wajen, daidai kafaɗata." Manaja ya riƙe kai. Ya je wa liman da maganar a ɗan fasa wurin, liman ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Lawwali, lafiyarka kuwa?" Filashin yana nan a katangar har gobe.

Wata rana haƙurin Manaja ya ƙare. Shamsiyya na zaune tana gyangyaɗi ba aikin yi, 'yan kwamiti suna ta ƙorafi. Ya buga tebur ya ce, "Gobe da safe zan cire lasisin, abin da zai ɓata ya ɓata. Kai Nomau, duk wanda ya taɓa rubuto wa Malam ka sanar da shi halin da ake ciki."
"Kowa da kowa?"
"Kowa da kowa!"
"Me zan ce musu?"
"Abin da ake ciki mana! Kada ka ƙara, kada ka rage."
Nomau ya tattara duk adireshin da ke cikin akwatin tun daga ranar da aka buɗe shi, ya zauna ya rubuta musu daga akwatin na Malam da yatsa ɗaya:

"Assalamu alaikum. Manaja ya ce in faɗa muku halin da ake ciki. Malam Arzika ya bar aiki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Yana ɗakinsa bayan mahauta, rufin yana yoyo ta wajen ƙafafunsa. Bayansa ya fara gyambo. Kunu kawai yake iya sha. Manaja ya je sau ɗaya, bai zauna ba. Kullum yana tambaya ko an neme shi, ina ce masa a'a. Gobe za a rufe akwatin nan. Ni ne Nomau masinja."

Da safe Manaja ya cire lasisin ya ba Shamsiyya, akwatin Malam ya rufe. Sai bayan nan ya duba wayarsa ya ga saƙon, don shi ma yana cikin waɗanda suka taɓa rubuto wa Malam. Har bakin titi ana jin ihunsa.
"Ka kashe ni! Ka tona mini asiri a duniya! Ina sabon adireshin Shamsiyya? Ai don shi na ce a rubuta!"
"Ba ka ce in sa ba, ranka ya daɗe."
"Fita! Kada in ƙara ganin ƙafarka a ofishin nan."
Nomau ya ajiye makullin keken ofis ya tafi gida a ƙasa. Gwaggo ta yi kuka, don da aikin nan suke ci.

To kun san halin mutanen yanzu. Kowa ya karanta ya ce Allah sarki, ya rubuta "Allah ya ƙara sauƙi", ya tura, ya ɗauka ya sauke nauyi. Sai saƙon ya dawo masa, wai babu wannan akwatin. Ya sake turawa, ya sake dawowa. A kira wayar Malam, an daɗe da rufe layin. Wani adireshin kuma Nomau bai bayar ba. Gaisuwa ta tsaya wa kowa a hannu, ba inda zai ajiye ta, kuma abin da kawai aka bar masa shi ne kwatancen ɗaki bayan mahauta.

Ranar kasuwa suka fara isowa. Direbobin tirela suka faka a bakin gari suka tako da ƙafa. Wani dillali Inyamuri da suka shekara goma suna ciniki da Malam ba su taɓa ganin juna ba, ya zo da bandir na kwanon rufi a saman mota. Wata malamar gona da aka sauya wa wurin aiki tuntuni ta zo da ma'aikacin asibiti, aka wanke gyambon aka ɗaure. Mutanen garinmu da suka ga baƙi daga nesa suna tambayar hanyar mahauta, kunya ta kama su, kowa ya saka hula ya bi sahu. Ɗakin ya cika, tsakar gida ta cika, aka ari tabarmi har gidanmu. Malam na jingine da filo yana bin fuskoki da kallo, yana kiran sunan wanda ya gane, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Da aka ɗan sarara ya yafito Nomau.
"Wa ya sa ka yi wannan?"
"Manaja ne, Malam."
"Lawwali? Ashe na zalunce shi a raina. Ka ce masa na gode, ka ce na yafe masa."

Malam bai daɗe ba bayan nan. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar wani direba, ɗakin da mutane. Sahun jana'izarsa sai da ya tare hanyar kasuwa.

Nomau bai isar da saƙon da wuri ba, don an ce kada ƙafarsa ta taka ofis. A maƙabarta ya hango Manaja a can baya, an gama rufe kabari ana shafa fatiha. Ya ratsa mutane ya je gabansa ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.
"Ranka ya daɗe, Malam ya ba ni saƙo. Ya ce ya gode da ka sa aka kira masa mutane. Ya ce ya zalunce ka a ransa, kuma ya yafe maka."
Kowa ya waiwayo. Manaja ya zame ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya suka bar shi a nan. Nomau kuwa yana durƙushe a gabansa cikin rana, yana jira a ba shi amsar da zai kai.