Farfesa Sitiyari Ya Duba Iyalinsa

Duk faɗin asibitin ƙwaƙwalwa babu masani kamar Farfesa Sitiyari. Shekara goma sha takwas yana tuƙa babbar likita, kuma duk ilimin da ta zubar a waya daga kujerar baya, kunnensa ya kwashe. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har farar riga ya ɗinka, ya jera biro uku a aljihu.

"Mu manya ba ma buƙatar gwaji," in ji shi a rumfar direbobi. "Kallo ɗaya nake yi wa mutum in karance ƙwaƙwalwarsa."

A gida ya fara nuna baiwarsa. 'Yar ƙanwarsa ta kusa shekara talatin. Sai da ta shekara biyar ta fara magana, har yau karatu bai zauna mata ba, amma tana guga a shagon wanki, kwala ba ta taɓa ƙonewa a hannunta ba. Farfesa ya dube ta sau ɗaya ya ce taɓin hankali ne, ya hana ta zuwa aiki. Ta wuni tana kuka.

Matarsa kuwa, malamar lissafi, wata uku ba ta ci sai an matsa, ba ta magana, tana zaune tana kallon bango. Ya ce, "Wannan duhun kai ne tun asali, ni nake rufa mata asiri."

Ƙanwar ta gaji, ta kwashi su biyun zuwa asibiti. Farfesa ya biyo su don ya taimaka wa likitar da yake tuƙawa.

Bayan doguwar ganawa da gwaje-gwaje, likita ta nuna mai guga. "Wannan raunin fahimta gare ta, da shi ta taso. Koyarwa a hankali take so, ba ƙwaya ba. Ta koma aikinta." Ta juya ga matar. "Wannan ciwo ne ya same ta da girmanta, kuma yana da magani. Da kun ƙara jinkiri, da labari ya sha bamban."

Farfesa ya gyara biro. "Abin da nake ta faɗa musu ke nan, ranki ya daɗe."

Mai guga ta ɗaga hannu. "Likita, Kawu fa? Wane iri ne nasa?"

"Nasa ba a kawo shi asibitinmu," in ji likita. Ta miƙa wa Farfesa mukullin mota. "Je ka gyara fakin, ka tare ƙofa."